Mashayar mako shida: yadda Kirsimeti ya zama kasuwar kofi da hoto a Amurka

Tun kafin ƙarfe biyar na yamma duhu yake rufe birnin New York a watan Disamba. Sanyi na ratsa ƙashi, kowa ya cusa hannu a aljihu, ana ganin tururin numfashin mutane a ƙarƙashin fitilun titi. Duk da haka, a ƙofar wasu ƙananan mashaya sai a tarar da layi ya miƙe har ya karya kwana. Samari da 'yan mata ne, da ma'aikatan ofis da suka taso daga aiki, wasu sanye da rigunan sanyi masu zanen barewa waɗanda da gangan aka zaɓe su don muninsu. Kowa na jiran wani ya fito ya samu shiga.

A ciki babu inda ido zai sauka ya huta. An lulluɓe bango da takardar naɗe kyauta, an rataya kwalaye da ƙwallayen ado daga silin har suna shafar kan dogon mutum, fitilu ja da kore suna ta ƙyaftawa. Waƙar Kirsimetin nan da Mariah Carey ta fitar a 1994 za ta tashi, ta ƙare, can an jima ta sake dawowa. Abin sha kuwa ba a kofin gilashi na yau da kullum ake kawo shi ba. Wani a cikin kan Santa na tangaran, tsohon nan mai farin gemu da jar riga; wani a cikin wandonsa; wani a jikin dabbar dinoso da aka ɗora mata jar hula. Kafin mai shi ya kai baki, sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Wanda ya koma wurin a tsakiyar Janairu ba zai tarar da ko ɗaya daga cikin wannan ba. An kwashe adon, an mayar da tsohon allon suna, an zuba kofunan a kwali. Wannan ita ce mashayar wucin gadi ta lokacin biki. Tana buɗewa wajen Bikin Godiya na Amurkawa, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ta rufe a ƙarshen Disamba. Cikin shekara goma abin ya tashi daga shago ɗaya ya bazu a birane da dama na Amurka da Kanada da Turai da Asiya.

Shawarar uwa

Labarin ya faro ne a ƙarshen 2014. Wani ɗan kasuwa mai suna Greg Boehm ya kama shago a Titi na Tara, unguwar East Village ta New York, yana shirin buɗe mashaya mai suna Mace tare da wani gwanin haɗa barasa ɗan Faransa, Nico de Soto. Aikin gyaran shagon bai kammala ba, ga haya tana tafiya. Kamar yadda Boehm ya sha faɗa wa 'yan jarida, mahaifiyarsa ce ta ba shi shawarar ya dakatar da magina, ya ƙawata wurin da kayan Kirsimeti, ya sayar da abin sha na 'yan makonni.

Suka yi hakan, suka raɗa wa wurin suna Miracle on Ninth Street, suna da ke tuna wa Ba'amurke wani tsohon fim ɗin Kirsimeti na 1947. Jama'a suka yi cincirindo. Da bikin ya wuce aka ci gaba da gini, Mace ta buɗe a 2015, amma masu mashaya a wasu garuruwa sun riga sun ga abin da ya faru, suna ta neman a ba su dama su ma su yi.

A shekara ta biyu wurare ƙalilan ne. Zuwa 2016 abin ya tsallaka zuwa Montreal da Paris da Athens. Kafin annobar korona adadin ya haura ɗari, har da wani otal a unguwar Covent Garden ta Landan. A 2015 Boehm ya ƙara wata mai suna Sippin' Santa, wadda ta ɗauke Santa daga dusar ƙanƙara ta kai shi bakin teku da gajeren wando da allon hawa igiyar ruwa. Daga baya ya haɗa kai a kanta da Jeff Berry, marubucin tarihin barasar tiki mai salon tsibiran teku kuma mai mashayar Latitude 29 a New Orleans. In aka haɗa biyun, a 'yan shekarun nan ana maganar wurare wajen ɗari biyu duk Disamba.

Jarin yana cikin kofin

Wanda zai fahimci wannan kasuwa sai ya fara sanin ainihin sana'ar Boehm. Kafin ya zama mai mashaya, shi mai sayar da kayan aikin mashaya ne. Kamfaninsa, Cocktail Kingdom, yana ƙera cokula da ma'aunai da gwangwanayen girgiza abin sha da kofuna. Ke nan duk mashayar da ta karɓi sunan Miracle ta zama kwastomarsa ta fuska biyu: ta biya kuɗin amfani da sunan da jerin haɗe-haɗen da aka tsara mata, sannan ta sayi kofunan da ake zuba su.

Kofunan nan ba a kan tebur kaɗai suke aiki ba. Ana sayar wa baƙo ya tafi da su gida, kuma kusan kowace shekara sai an fito da sabon samfuri, don wanda ya sayi na bara ya ji bai cika ba. Akwai masu tara su. Akwai kuma masu zura su a aljihun kwat su fice, abin da ya zama ruwan dare har wasu mashaya suka koma rubuta gargaɗi a jikin takardar jerin abin sha. Kamfanin yakan ware wani kaso na kuɗin wasu kofunan ga ƙungiyoyin agaji. A shekarun baya Action Against Hunger ta amfana, daga bisani Seva Foundation mai aikin kula da lafiyar ido.

Dabarar dai ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san yadda fili ke rikiɗewa ya zama kasuwar raguna ana saura mako biyu Babbar Sallah, washegarin layya kuma a neme ta a rasa. Mai saye ya san lokaci ƙurarre ne, shi ya sa ba ya jan ciniki. Mashayar da take nan kullum ana iya cewa sai wani jiƙon. Wadda za ta ɓace ranar 31 ga Disamba kuwa dole a je yanzu, ko da za a tsaya awa guda a cikin sanyi.

Lissafin mai mashaya

Ga mai mashaya, Janairu da Fabrairu watanni ne na fatara. Mutane sun kashe kuɗinsu a biki, sanyi ya tsananta, ga kuma al'adar ƙaurace wa barasa tsawon watan Janairu, wadda wata ƙungiyar agaji ta Birtaniya ta ƙaddamar a 2013 ta kuma yaɗu zuwa Amurka. Haya da albashi kuwa ba su san da wannan ba. Don haka abin da aka tara a mako biyar ko shida na ƙarshen shekara shi ne guzurin da zai kai shago zuwa bazara.

Tsarin aikin ma yana taimakawa. A mashayar koktel ta ƙwararru, wato inda ake haɗa barasa da ruwan 'ya'yan itace da sukari da kayan ƙamshi a gaban mai saye, kofi ɗaya kan ci mintuna. A mashayar biki jerin gajere ne, haɗi goma ko goma sha biyu, kuma tun da rana ake dama mafi yawansu a manyan mazubai. Da dare sai dai a tsiyaya, a girgiza da ƙanƙara, a ɗora ado, a miƙa. A manyan birane kofi ɗaya kan kama dala goma sha biyar zuwa ashirin, ban da haraji, ban da tukuicin ma'aikaci wanda al'ada ta sa ya kai wajen kashi ashirin cikin ɗari.

Talla kuma kyauta ce. Duk hoton da baƙo ya ɗora a Instagram ko TikTok ya yi aikin da a da sai an biya jarida. Shi ya sa ake tsara adon da tunanin kyamarar waya: kusurwa mai haske, kujera mai siffar keken Santa, bango mai rubutu. Wasu wuraren sun koma sayar da tikitin shiga tare da ƙayyade lokacin zama, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, don a juya teburin sau da yawa kafin a tashi.

Shekarar 2020 ce ta gwada ƙarfin abin. A ranar 14 ga Disamba na shekarar hukumomin New York suka sake hana zama cikin gidajen abinci da mashaya saboda korona, daidai tsakiyar kakar. Masu shaguna suka fito da adon bakin titi, suka kafa rumfuna da na'urorin ɗumama jiki, suka riƙa sayar da haɗin a kwalba a tafi da shi gida. Mutane suka zauna a waje cikin safar hannu suna sha.

Abin da ake zubawa

Sunayen haɗe-haɗen barkwanci ne, amma tushensu tsoho ne. Christmapolitan, wanda ya fi kowanne fita, bodka ce da miyar 'ya'yan kiranberi mai tsami. Snowball Old Fashioned wiski ne da aka jefa masa dunƙulen niƙaƙƙiyar ƙanƙara. Sauran yawanci suna zagaye ne a kan kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi, ƙamshin da Bature ke alaƙantawa da kicin ɗin kakarsa a lokacin hunturu.

Uban tafiyar shi ne egnog, haɗin ƙwai da madara da sukari da ake zuba wa rom ko wiski. Ya daɗe a Amurka, kuma ya daɗe yana ta da ƙura. A daren Kirsimetin 1826 ɗaliban makarantar horas da hafsoshin soja ta West Point suka shigo da wiski a ɓoye suka dama shi, suka bugu, suka farfasa tagogi da kujeru, har aka gurfanar da wajen mutum ashirin gaban kotun soja. Turai kuma tana da nata, ruwan inabi mai zafi da ake sayarwa a kasuwannin Kirsimeti na Jamus, inda ake karɓar kuɗin ajiya kafin a ba mutum kofi don kada ya tafi da shi. Ashe matsalar kofi ba a New York ta fara ba.

Kowa ya kafa tasa

A birnin Washington, Derek Brown da abokan kasuwancinsa sun karɓi sunan Miracle a 2015 suka buɗe a Titi na Bakwai, unguwar Shaw. Da suka ga irin layin, sai suka ƙi jiran Disamba. A 2017 suka yi ta lokacin furen ceri, sannan ta shirin talabijin ɗin Game of Thrones, har da kwaikwayon karagar takubba da mutane ke bin layi su hau a ɗauke su hoto.

A nan ne lauyoyi suka shigo. A 2017 ɗin kamfanin Netflix ya aika wa masu wata mashaya a Chicago wasiƙa, cikin raha amma da nufi, cewa kada su wuce mako shidan da suka ɗiba suna cin kasuwa da shirinsa na Stranger Things. A 2018 kuma wadda su Brown suka shirya kan zanen barkwancin Rick and Morty ta rufe tun ba a je ko'ina ba, bayan masu haƙƙin shirin sun yi barazanar kai ƙara. Darasin da masu mashaya suka ɗauka mai sauƙi ne: Santa ba shi da lauya. Babu kamfanin da ya mallaki bishiyar Kirsimeti ko dusar ƙanƙara.

Wasu kuma suka ce ai ba Kirsimeti kaɗai ne biki ba. A 2018 Naomi Levy ta buɗe Maccabee Bar a yankin Boston don bikin Hanuka na Yahudawa, da ado shuɗi da fari. Erin Hayes da Kelsey Ramage suka kafa Black Lagoon don bikin Halowin na ƙarshen Oktoba, da ƙwarangwal da akwatunan gawa. A gefe guda ga tsofaffin hannu da suka riga kowa: gidan abincin Jamusawa na Rolf's a New York, wanda adonsa ke zama watanni bayan biki, da mashayar Churchill Arms a Landan, wadda ake lulluɓe bangonta na waje da bishiyoyin Kirsimeti masu yawa.

Masu ƙorafi

Ba kowa ke murna ba. Na farko su ne 'yan gida, waɗanda suka saba zama a kujera ɗaya duk mako suna hira da mai zuba musu. Daga ƙarshen Nuwamba sai su tarar an kwashe jerin da suka sani, kujerarsu kuma wani baƙo ya kama ta ta intanet tun mako uku da suka wuce. Da yawa sukan ƙaura sai Janairu.

Masu sharhin abinci da abin sha su ma suna da nasu ƙorafin. Suna cewa haɗin ya cika zaƙi, kuma abin da ake sha a Ohio shi ne ake sha a Hong Kong, alhali darajar ƙaramar mashaya ita ce ta bambanta da maƙwabciyarta. Gaskiya ne, sai dai wanda ya tsaya awa guda a layi ba ɗanɗano ya kawo shi ba. Ya zo ne ya shiga cikin Kirsimetin da ya gani a fim yana yaro, kuma wannan ake sayar masa.

Ma'aikata na tsakiya. A dokar tarayyar Amurka, mafi ƙarancin albashin mai karɓar tukuici dala 2.13 ne a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu. Ke nan cunkoson Disamba kuɗi ne a aljihunsu. Amma kuɗin na zuwa da tsayuwar dare bayan dare, da waƙa ɗaya tana maimaituwa a kunne, da kwastomomin da ba su saba sha ba sai sau ɗaya a shekara. Ranar da aka fi tsoro ita ce ta SantaCon, yawon mashaya-mashaya cikin kayan Santa da ya samo asali a San Francisco a 1994. A New York dubbai ke fitowa, kuma wasu mashaya kan manna takarda a ƙofa cewa mai kayan Santa kada ya shigo.

Akwai kuma batun gobara, wanda jami'an kashe wuta ba sa wasa da shi. Takarda da auduga da roba a silin, ga wayoyin lantarki, ga ɗaki cike maƙil. Amurka ta taɓa ganin ƙarshen irin wannan: a ranar 28 ga Nuwamba 1942 wuta ta kama adon gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston, mutum 492 suka mutu. Da yawa daga cikin dokokin ƙofar fita da na hana adon da ke saurin kamawa bayan wannan bala'in aka tsaurara su.

Bayan an tashi

Zaƙi na ɓoye ƙarfin barasa, kofin tangaran kuma ba ya nuna yawan abin da ke ciki. A New York mai sha zai gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa ya koma gida. A mafi yawan garuruwan Amurka kuwa mota ce ƙafa. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar sun nuna mutum sama da 13,000 ne suka mutu a 2022 a haɗurran da direba ke cikin maye, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen hanya, kuma watan Disamba kaɗai kan ci wajen dubu. Shi ya sa duk ƙarshen shekara 'yan sanda ke ƙara shingaye. Ma'aunin barasa a jini da doka ta haramta tuƙi da shi 0.08 ne a jihohin ƙasar, ban da Utah da ta sauke nata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018.

Ba za a ɗora wa mashayar biki wannan duka ba, domin shaye-shayen Disamba ya girme ta nesa. Amma ita ce ta ƙawata shi ta ba shi fuskar wasan yara.

Layi na tsawo, masu sha na raguwa

Abin mamakin shi ne duk wannan bunƙasa tana faruwa ne a daidai lokacin da Amurkawa ke ja da baya daga barasa. Kamfanin Gallup, wanda ke yin wannan tambaya tun 1939, ya samu a 2025 cewa kashi 54 cikin ɗari ne kawai na manya suka ce suna sha, adadi mafi ƙanƙanta da ya taɓa gani. Matasa ne suka fi janyewa. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar illa, a Janairun 2025 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe.

Shi kansa Derek Brown, wanda ya tara layin Titi na Bakwai, ya juya akala. A 2022 ya fitar da littafin Mindful Mixology kan haɗe-haɗe marasa barasa da masu ƙarancinta. Yanzu da wuya a shiga mashayar biki ba a ga biyu ko uku na irin waɗannan a jerin ba, a cikin kofin Santa iri ɗaya, farashin ma bai yi ƙasa sosai ba.

Ga Musulmin Amurka, waɗanda cibiyar Pew ta ƙiyasta sun kai kusan miliyan uku da rabi a 2017, abin ya wuce zancen me ke cikin kofi. Ofisoshi da yawa a irin waɗannan wurare suke yin walimar ƙarshen shekara, kuma a nan ake sabawa da shugabanni. Wasu sukan je su riƙe lemo su gaisa su fice. Wasu ba sa taka wurin sam, saboda a fahimtarsu zama a teburin da ake shan giya ma haramun ne. Akwai Kiristoci da ke da irin wannan matsayi, musamman 'yan Baptis na kudancin ƙasar, ban da masu ganin an mayar da haihuwar Almasihu abin tallan wiski. A wani ɓangaren, gidajen gahawa na 'yan Yaman irin su Qahwah House, wanda ya fara a Dearborn ta jihar Michigan a 2017, suna buɗewa har tsakar dare suna cika da matasa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, masu neman wurin hira da babu maye.

Layin mashayar biki da cikar gidajen gahawar abu ɗaya suke nunawa. Barasa kaɗai ta daina isa ta fito da matashin Amurka daga ɗaki a daren sanyi, sai an haɗa masa da dalili: ado, hoto, kofin da zai kai gida, da ranar rufewa. Masu mashaya sun gane haka, shi ya sa kalandarsu ta cika da bukukuwa: Halowin a Oktoba, Kirsimeti a Disamba, ranar masoya a Fabrairu, furen ceri a Maris. Mashayar da ta dogara da kwalba kaɗai a Amurkar yau kasuwarta raguwa take yi, kuma mako shidan Disamba ne ke biya wa da yawa daga cikinsu hayar Janairu.